Mijin da Na Ƙaga wa Adda Uwani

Ku duka kun taso kuna jin cewa Innarku Uwani ta bi wani maɗinki ta bar gida, kuma na ga yadda kuke sunkuyar da kai in an ambaci sunanta a gaban baƙi. To, babu wani maɗinki. Ni na ƙago shi da bakin nan nawa, a zauren Kawunku Sule. Tun da duk waɗanda za su ji kunya sun riga ni tafiya, bari in faɗa muku yadda aka yi kafin ni ma a kira ni.

Adda Uwani ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni. An kai ta aure Katagum, gidan wani masunci da ke kamun kifi a kogin Jama'are, kuma duk shekara sai ta aiko mana da banda cike da kwando. A shekara ta biyar wani tabo ya fito mata a damtse, fari-fari, wanda ko an tsikare shi da ƙaya ba ta ji. Uwar mijinta ce ta gane kuturta ce. Ba a yi sati ba sai ga ta a ƙofar gidanmu na Azare a kan jaki, kayan ɗakinta a kan jakuna biyu a baya, takardar saki a ƙulle a bakin zanenta. Mijin ko rakiya bai yi mata ba. Baffanmu, mahaifinmu, ya yi maganin hausa har ya gaji, sannan wani malamin asibiti ya gaya masa akwai sansanin kutare da Turawan mishan ke riƙe da shi, tafiyar yini biyu a mota kudu da mu. Baffa ya kwana uku yana juya maganar, don ya san ba allura kaɗai suke bayarwa a can ba, amma ya kai ta. Kayan ɗakinta kuwa aka jibge su a tsohon rumbu aka liƙe, saboda babu mai iya cin abinci a kwanon da ta taɓa.

Shekara shida ta yi. Baffa ya rasu tana can, Yaya Sule ya zama maigida, ni kuma aka yi mini aure a unguwar da ke bayan kasuwa. Ta dawo ne wata biyu kafin in zo gida haihuwar Habu, da takarda mai hatimi da ke cewa ciwon ya mutu. Ya ci mata kan yatsu biyu na hannun hagu, gashin girarta ya ragu, in ban da haka Adda ce. Iya ta rungume ta ta yi kuka, ta kuma ware mata kwanonta daban, duk a yini ɗaya. Adda ta karɓi kwanon. Da na haihu, ita ta ɗauki aikin dafa mini ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, kuma sau biyu na ga ta sauke tukunya da hannu tsirara, fatar ta tashi, ba ta sani ba sai da na yi ihu. Ina son ta, ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

Amma kun san ni. Ban taɓa yarda da abu don an ce in yarda ba. Ko nono na saya sai na tsoma yatsa na ji ko an sirka shi da ruwa. Mai jego kuwa ba ta da aiki sai kwanciya da kallo, ƙofar ɗakina kuma tana duban tata. Na ga ta buɗe rumbun nan ta fito da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta goge tasoshin da toka da tsamiya har suka ɗauki ido. Ta shafe bangon ɗakinta da farar ƙasa, ta yi daɓe da makuba ita kaɗai, sannan ta yi jere, irin wanda ake yi wa amarya ranar da za a kai ta: tasoshi a sama, kwanonin sha a tsakiya, ƙorai masu zane a ƙasa. Kullum da safe ƙamshin turaren wuta na fitowa ta ƙarƙashin asabarinta. Ta sayi farin alawayyo ta ɗinka zane da riga da hannun nan nata mai gutsurarrun yatsu, kuma ba ta sa su sai ran Lahadi. Matar da aka sako a kan jaki, wadda babu namijin da ya ƙara sallama da ita, tana tafiya a tsakar gida kamar an biya sadakinta jiya. Ya Falmata, maƙwabciyarmu 'yar Barno, ta leƙa ɗakin wata rana ta fito tana tafa hannu.

"Iya, wa za a kawo mana? Ai wannan jeren ba don ƙadangaru aka yi shi ba."

Iya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni kuma wani abu daban ke ci na. Na lura in an kira salla Adda takan ɗauki buta ta shiga ɗaki ta saki asabari, ta jima ta fito. Sai wata rana na ɗora ɗan tsinke a kan bakin butar tata bayan ta ajiye. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ta shiga da ita ta fito da ita, na je na duba ƙasan ɗakin inda ya kamata ya jiƙe, a bushe yake, ruwan butar kuma yana nan yadda yake. Tsinken ma ta cire shi ta mayar a hankali, wato ta gan shi, ta san wanda ya sa, ta bar ni da abina. Ban gaya wa kowa ba, amma daga ranar in ta ɗauki Habu idona na kan hannunta, ba don ciwon ba, don na ji ana cewa masu addinin mishan da ruwa suke shigar da jarirai.

Maganar jeren ta fita gari, ta dawo wa Yaya Sule ta bakin abokan cinikinsa na fatu. Kwana biyu bayan na yi arba'in ya kira ni zaure. Kawunku ba mugu ba ne, ku daina jin tsoron hotonsa. Mutum ne mai 'ya'ya mata huɗu da ba a aurar ba, kuma shi ke jan salla a masallacin ƙofar gida in liman ba ya nan.

"Talatu, ke ce ta fi sakin jiki da ke. Ki bincika mini. In namiji ne ya fito, ko kuturu ne zan ɗaura musu da kaina, in yanka rago."

"In ba namiji ba ne fa, Yaya?"

Ya murza carbinsa ya amsa.

"In ɗayan ne, ba a gidan Baffa ba. Ba ni da yadda zan yi."

Ku duba wannan abu. Na fito daga zauren nan ina roƙon Allah ya sa yayata tana da saurayi a ɓoye. Abin da a wata shekarar zai sa mu rufe fuska, shi ya zama fatana. Na shiga zargin duk namijin da ya gitta ƙofar gidanmu: mai tallan kananzir, yaron mota mai kawo wa Yaya fatu daga Misau, har da wani dattijo mai gyaran ƙwarya da ta taɓa ba ruwa ya sha. Kowa na auna shi, kowa na ga bai yi kama ba.

Ran Lahadi kasuwar Azare ke ci, kuma ranar takan sa fararen kayanta, ta lulluɓa da tsohon mayafi a kai, ta ɗauki ƙwarya ta ce ta tafi kasuwa, ta dawo da azahar ƙwaryar ba komai ko da ɗan gishiri. Sai na bar wa Iya Habu na bi ta. Ta ratsa 'yan hatsi, ta ratsa 'yan tukwane, ba ta taya ko tsinke ba, ta ɓulle ta bayan tashar mota inda baƙi 'yan kudu ke haya. Ta shiga wani gida mai dangar zana. Na zagaya na sami inda zanar ta ɓule na sa ido. Rumfa ce ta kara, da mutane ba su fi goma sha biyar ba a kan tabarmi: akawu biyu masu gajeren wando, matansu, wata tsohuwa mai tsagar mutanen dutse, da wani makaho da na sha gani yana bara a bakin kasuwa. Adda ta yaye mayafin ta zauna a tsakiyarsu. Suka yi waƙa da Hausa, wani ya karanta littafi, sannan aka zagaya da ƙoƙo ɗaya kowa ya kurɓa. Ta kurɓa, ta miƙa wa matar akawu, matar ta kafa baki daidai inda Adda ta cire nata. Wannan ne ya tsaya mini a rai. A gidan ubanta kwanonta daban. Ni dai duk da haka ban daina ƙirga mazan ba, ina neman wanda zai kalle ta sau biyu, kuma babu.

Na riga ta isowa gida, na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado. Da ta ɗaga asabari ta gan ni ba ta firgita ba.

"Kin sha rana, Talatu. Da kin shigo ai da an ba ki tabarma."

"Adda, wanne ne a cikinsu?"

"Babu ko ɗaya."

"To jeren na wa? Turaren na wa? Don Allah ki ce mini akwai wani."

Ta ajiye ƙwaryar ta zauna a ƙasa a gabana, kamar ita ce ƙanwar. Ta ce mini ta shiga addininsu tun shekara ta uku da zuwanta can, kuma babu wanda ya tilasta ta. Ta ce a wurinsu duk jama'ar masu bi, maza da mata, na nan da na ƙasashen da ba mu sani ba, gaba ɗaya kamar amarya guda suke wadda aka riga aka ba da ita ga Almasihu, ana jiran ranar da zai zo ya ɗauke ta.

"A'uzubillahi! Adda, Allah ba shi da mata, ba shi da ɗa. Baffa ne ya koya miki da bakinsa."

"Ba irin auren da kike nufi ba ne. Misali ne. Makahon da kika gani ma yana ciki, da gemunsa."

"To in misali ne, me ya kai ki goge tasoshi?"

Sai ta yi murmushi, ta dubi jeren nata.

"Babu wanda ya ce in yi. Su ma da za su gani dariya za su yi mini. Amma ni ban san yadda amarya ke jira ba sai haka. Talatu, wancan ya aure ni ina lafiya, tabo ɗaya ya gani ya ɗora ni a jaki. Wannan ya ga hannuna yadda yake kafin ya ce yana so. Kuma a wannan auren babu saki. Na tambaya har sau uku, aka ce babu."

Na tashi tsaye, rabi tsoro rabi haushi. Har gobe ina kan addinina, ina kuma roƙon Allah ya kashe ni a kansa, kuma har gobe ban daina zargin matan Turawan nan ba. Cikin duk maganganun da ke littafinsu, ta yaya suka san wadda za su gaya wa macen da aka sako? Wanda ya san inda ke maka ciwo ya san inda zai dafa. Na faɗa mata haka ɓaro-ɓaro. Ta ce mai yiwuwa ne sun sani, amma mu ma mun san inda ke mata ciwo, me muka dafa? Sai na ce mata ta rufe bakinta ta bar mini sauran.

Da la'asar na sami Yaya Sule. Ban shirya ƙaryar ba, ina buɗe baki ta fito da kayanta. Na ce akwai wani maɗinki mutumin Potiskum, Musulmi ne, sun haɗu a wurin magani, shi ma ya warke, yana zuwa kasuwa ran Lahadi su gaisa a rumfar wata tsohuwa, yana haɗa abin aure ne kunya ta hana shi fitowa. Har na ba shi tsawo da ɗan ɗingishi. Dabarata ita ce a yi ta jiran maɗinkin nan shekara ɗaya, biyu, daga baya in ce ya tafi Makka a ƙasa ko ya mutu, kafin nan mutane sun saba, Adda ta tsufa a ɗakinta. Yaya ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi har sau uku. Abin da ban lissafa ba shi ne farin ciki ba ya zama a baki ɗaya. Kafin magariba ya gaya wa liman, kafin gari ya waye Iya ta jiƙa gero za ta yi fura ta raba, Ya Falmata kuwa ta shigo tsakar gida da hantsi ta rangaɗa guɗa a kan Adda tana tsakiyar shara.

"Amaryar maɗinki! Ashe shi ya sa ɗinki ya kama hannu!"

Adda ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ba ta dubi Ya Falmata ba, ni ta duba. Ban taɓa ganin ta dube ni haka ba ko ina yarinya in na fasa mata tulu. Shekara shida tana can, da wata huɗu a nan, babu wanda ya taɓa jingina ta da namiji, sai ni da na ce ina taimakonta, na sa ta tana gana wa da wani a rumfar kasuwa.

Ranar da yamma Yaya ya kira mu zaure, ni da ita da Iya, yana son sunan mutumin da na waliyyinsa don ya aika. Na yi ta ƙifta mata ido. Suna ɗaya kawai za ta faɗa, ko Audu ko Garba, ta zauna a gidan ubanta har ƙarshen ranta.

"Yaya, babu namiji. Talatu ta faɗa ne don ta rufa mini asiri, kada ka ga laifinta. Ni mai bin Almasihu ce."

Iya ta dafe ƙirji ta fara salati. Yaya Sule ya dubi ƙofar zaure ya ga babu kowa, ya tashi ya turo ƙyauren, ya dawo ya zauna. Abin da ya faɗa bayan nan shi ya sa na ce muku ba mugu ba ne.

"Uwani, ban ji abin da kika ce ba. Abin da Talatu ta gaya mini shi na ji. Ki riƙe buta in an kira salla yadda kika saba, ki bar zuwa bayan tasha, in an tambaye ki maɗinki ki sunkuyar da kai. Abin da ke zuciyarki tsakaninki da Allah. Ɗakinki naki ne."

Na ji kamar in faɗi in rungumi ƙafarsa. Na ce shi ke nan, an gama. Sai Adda ta ɗago kai ta dube shi.

"Yaya, Allah ya saka maka. Butar nan ma da nake ɗauka kullum tana cina, don ha'inci ne, na ha'ince ku na ha'inci kaina. Ka aurar da mata, ka sani. Wace amarya ce za a tambaye ta a gaban danginta, ta kira sunan wani?"

"Ko don Iya?"

Ta juya ta kama ƙafar Iya da hannu biyu ta kifa goshinta a kai, ta daɗe a haka, amma ba ta canja magana ba. Na tsane ta a lokacin, ina gaya muku gaskiya. Na ga taurin kai ne, na ga an wanke mata kai, na ga ta fifita mutanen rumfar kara a kan wadda ta haife ta. Wani sashe na zuciyata har yau haka yake gani. Yaya ya share fuskarsa da hannun riga ya ce gobe akwai motar da ke zuwa kudu.

Ba ta ɗauki komai ba sai ƙunshin tufafi da takardarta mai hatimi. Ta ce za ta koma sansanin, suna neman masu wanke wa marasa lafiya gyambo. Unguwa ta ga ta fita da safe da ƙunshi, ta haɗa da labarin jiya, kafin azahar an gama cewa ta ƙi jiran ɗaurin aure ta bi maɗinki. Yaya bai musa ba, Iya ba ta musa ba, ni da na san komai ban musa ba, don da wannan kunyar ana iya aurar da 'ya'ya huɗu, da waccan kuwa ba a iyawa. Haka muka rayu a kai, muka kuma shayar da ku.

Ni kaɗai na raka ta tasha. Motar katako ce, an loda buhunan gyaɗa, fasinja na hawa kansu. Duk hanya ban ce mata uffan ba, haushi bai bar ni ba. Sai da ta sa ƙafa a kan taya yaron mota ya miƙo mata hannu, ya ga yatsun ya janye, ta hau da kanta, sannan abin da ke cikina ya fito, kuma ko shi da faɗa ya fito.

"To, Adda, kin zaɓa. In kin mutu a can wa zai wanke ki?"

Ta gyara zama a kan buhu ta leƙo.

"Ke na so, Talatu."

Direba ya tayar da mota. Ban ƙara ganinta ba. Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan, kuma labarin rasuwarta ya iso mu ne a bakin wani mai fataucin barkono, wata biyu da binne ta. Na tambaye shi wa ya wanke ta, ya ce bai sani ba.